Rashin aiki alamar raunin bangaskiya ne? Gardamar da ta biyo bayan addu'ar dare

Bitrus: Salama gare ku 'yan'uwa. Ban cika magana a wannan zauren saƙonni na ikkilisiyarmu ba, amma tun daren Juma'a wani abu ya tokare mini ƙirji. Waɗanda suka zo addu'ar dare sun ji abin da baƙon mai wa'azin nan ya faɗa. Waɗanda ba su zo ba, ga shi: ya ce babu Kirista mai bangaskiya ta gaske da zai wuce shekara guda ba shi da aiki. In ya wuce, wai cikin biyu akwai ɗaya, ko yana cin zakkar Allah, ko addu'arsa ta yi sanyi. Daga nan ya ce duk mai neman aiki ya fito gaba, takardunsa a hannun dama, "iri" a hannun hagu, wato kuɗin baiko da wai ake shukawa don Allah ya amsa, kada ya kasa naira dubu biyar.

Ina zaune a benci na huɗu da naira ɗari bakwai a aljihu, kuɗin keke ne da zai mai da mu gida ni da Hannatu. Ban tashi ba. Mutum wajen talatin suka fita, ni kuwa na zuba wa takalmina ido har aka gama. Hannatu ba ta ce mini komai ba a hanya, shirun nata ma ya fi yi mini ciwo.

Kun san a watan Agusta na 2023 aka sallame mu, mu goma sha ɗaya, daga kamfanin da nake riƙe wa lissafi, bayan fetur ya tashi suka ajiye rabin motocin rarraba kaya. Tun ina da albashi ban taɓa tsallake zakka ba, ma'aji yana nan, ya duba littafi. Azumi na yi na kwana uku, na yi na bakwai, na yi na ashirin da ɗaya a farkon shekara. To ina tambaya tsakanina da ku: maganar mutumin nan gaskiya ce? In gaskiya ce ku gaya mini inda na kauce in gyara.

Istifanus: Ɗan'uwa Bitrus, Ubangiji ya ƙarfafa ka. Amma kada zafin hali ya sa mu ƙi gaskiya don ta yi ɗaci. Bawan Allahn nan bai ƙago komai ba. A Malakai 3:10 Ubangiji da kansa ya ce a kawo zakka duka cikin ma'aji, a gwada shi a gani ko ba zai buɗe tagogin sama ba. Dawuda kuma ya ce a Zabura 37:25 tun yana yaro har ya tsufa bai taɓa ganin an yashe adali ba, ko 'ya'yansa suna bara. Ni shaida ne. Bayan bautar ƙasa na yi wata goma sha huɗu a zaune. Na ranci dubu biyar wurin yayata na shuka a irin wannan taro. Mako uku bai cika ba aka kira ni, ga ni yau a Abuja. Abin da na gani da idona ba wanda zai ce mini ƙarya ne.

Danladi: Istifanus, wa ya kai takardunka ofishin nan? Mala'ika Jibra'ilu ko kawunka?

Istifanus: Allah ne ya yi amfani da kawuna.

Danladi: Madalla. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Mu kawunnanmu suna ƙauye suna noman citta, ita ma cittar cuta ta cinye ta a 2023, daga Kachia har Jaba da Kagarko. Su ma duk zakka ce ba su bayar ba?

Rifkatu: Yaya Istifanus, ba na ƙaryata shaidarka, amma bari mu yi lissafin 'yan firamare. Mutum talatin, kowa dubu biyar, dubu ɗari da hamsin ke nan a dare ɗaya daga aljihun marasa aiki. Nan da wata shida a ce mutum biyu sun samu aiki, abin da ko ba iri zai iya faruwa. Su biyun nan za a ba makirfo su yi shaida, a buga ganga, mata su yi guɗa. Sauran ashirin da takwas fa? Ba a kiran su gaba. Za su koma gida su ɗora wa kansu laifi, su ce imaninsu ne bai kai ba, su nemo dubu goma don taro na gaba. Wanda ya shirya abin ba ya taɓa faɗuwa: in ka samu, annabcinsa ne, in ba ka samu ba, zunubinka ne.

Akwai wata ƙawata a nan Jos da ta ci bashi a manhajar waya don ta shuka. Da kwanaki suka cika ba ta biya ba, sai suka aika wa duk lambobin da ke wayarta saƙo cewa ɓarauniya ce, har da surukarta da fastonsu. Wata biyu ba ta taka majami'a ba don kunya.

Istifanus: Ba wanda ya ce ta ci bashin manhaja. Kuma ki tuna gwauruwar Zarefat. Ɗan garin da ya rage mata da ɗan mai, Iliya ya ce ta fara toya masa tukuna. Ta yi biyayya, tukunya ba ta ƙare ba. Da ta tsaya lissafin firamare irin naki da yunwa ta kashe su.

Rifkatu: Iliya ya zauna a gidan matar nan, yana cin abin da suke ci har fari ya wuce. Da ɗanta ya mutu ma yana nan, shi ya ɗauke shi ya yi kuka ga Ubangiji. Naku baƙon yana ina yanzu? Da asuba ya kama hanya.

Mama Saratu: 'Ya'yana, jikata ce ke rubuta mini, ku yi haƙuri in ya yi tsawo. Bitrus, ɗana, ɗaga kanka. Ba ka yi wa Allah sata ba.

Ku yaran yanzu ba ku san Kakuri, unguwar masaƙu a Kaduna, ba lokacin da take Kakuri. In aka busa jiniyar canjin aiki, kekuna ne ke cika titi har ba wurin sa ƙafa. Marigayi Babanku ya yi shekara goma sha tara a ɗaya daga cikin masaƙun nan, a sashen saƙa. Ranar da albashi ya fito, kafin ya ba ni kuɗin cefane sai ya zauna a bakin gado ya ƙirga na Allah ya sa a ambulan, ya lashe bakin ambulan ɗin ya manne. Ko wata ɗaya bai fasa ba. Shi ke buɗe majami'a don addu'ar asuba. Rana ɗaya suka je suka tarar da kwaɗo a ƙofar masaƙa.

Kusan shekara guda yana goge rigarsa kowace safiya, ya tafi ya tsaya a bakin ƙofar nan tare da 'yan'uwansa, Kirista da Musulmi, ko za a ce wani abu. Ya rasu bai karɓi haƙƙinsa ba. Yanzu wani yaro mai takalmi mai tsini zai zo ya tsaya a bagade ya ce mijina addu'arsa ce ta yi sanyi? Da ina wurin ranar Juma'a da na miƙe, ko da dattawa za su ɗora ni a kan horo.

Mun yi addu'a kuwa, har gwiwoyina suka yi kanta. Kun san yadda amsar ta zo? A cikin baƙar leda. Wata rana bayan taron Zumuntar Mata, mata huɗu suka biyo ni gida, ɗaya da mudu uku na wake, ɗaya da galan na man gyaɗa, ɗaya da tsohon kaskonta a ka. Suka ce Saratu, gobe ki fito bakin hanya da ƙosai, mu za mu fara saye. Ba su karɓi sisina ba. Da ƙosan nan yara biyar suka gama sakandare.

Danladi: Mama kun gama magana. A rufe taro da addu'a kawai.

Dattijo Dauda: Ba a gama ba tukuna, Danladi, ka ɗan natsu. Sannu Mama, na san Baba, tare muka yi aikin dattawa, abin da kuka faɗa haka yake. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL ta bi baya a 2007, tsakaninsu da sauran dubban magidanta suka zauna. Kayan waje masu araha, fasa-ƙwauri da rashin wuta ne suka kashe su. Wanda ya ce dubban mutanen nan duk rana ɗaya bangaskiyarsu ta yi rauni, bai san abin da yake faɗa ba.

Istifanus ɗana, ayoyinka daidai ne, amma ka karanta su da maƙwabtansu. A Malakai sura 3 ɗin nan, koma baya kaɗan zuwa aya 5. Cikin waɗanda Ubangiji ya ce zai hukunta har da masu danne wa ma'aikaci ladansa, da masu zaluntar gwauruwa da maraya. Ban taɓa jin mai wa'azin iri ya fara daga nan ba. Kuma aya 10 ta faɗi dalilin kawo zakkar: domin a sami abinci a gidan Ubangiji. Abincin na wa? Duba Maimaitawar Shari'a 14:28 da 29. Kowace shekara ta uku ana tara zakka a cikin gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su zo su ci su ƙoshi. Wato a tsarin Musa, mutum irin Bitrus a yau yana layin masu karɓa ne.

Akwai labarin da nake so ku riƙe, 2 Sarakuna sura 4. Mijin matar nan yana cikin ƙungiyar annabawa, ita da bakinta ta ce wa Elisha ka san bawanka mai tsoron Ubangiji ne. Duk da haka ya mutu da bashi, har mai bin bashin yana shirin kwashe 'ya'yansa biyu su zama bayi. Mai tsoron Allah, ga bashi har kabari. Elisha bai ce mata kawo iri ba. Ya tambaye ta me take da shi a gida, ya aike ta aron tuluna wurin maƙwabta, da man ya cika ya ce je ki sayar ki biya bashinki, ke da 'ya'yanki ku ci sauran. Ko cokali ɗaya bai ɗiba ba.

Zabura 37 kuma, Dawuda ya faɗi abin da idonsa ya gani. Yesu ya ba mu labarin Li'azaru a Luka 16, maroƙi mai gyambuna a ƙofar attajiri, shi mala'iku suka ɗauka zuwa wurin Ibrahim. Bulus ya ce a Filibiyawa 4:12 ya san ƙoshi ya san yunwa. Waye a cikinmu zai ce addu'ar Bulus ta yi sanyi?

Istifanus: Baba, na ji. Amma ai Bulus ɗin ne ya ce wanda ba ya aiki kada ya ci abinci. Akwai matasa a ikkilisiyar nan da ba sa neman komai, sai waya da kallon ƙwallo. In mai wa'azi ya girgiza su, ban ga laifi ba.

Dattijo Dauda: 2 Tasalonikawa 3:10 cewa ta yi wanda ya ƙi yin aiki. Ƙi daban, rasa daban. Ka duba Matiyu 20, misalin ma'aikatan gonar inabi. Maigida ya fita wajen ƙarfe biyar na yamma ya tarar da mutane a tsaye, ya ce me ya sa kuka wuni a nan ba aiki? Suka ce don ba wanda ya ɗauke mu. Duk lokacin da na wuce inda leburori ke taruwa da sassafe da shebur da kwanon kankare suna jiran mota ta tsaya, ayar nan ce ke zo mini. Maigidan bai yi musu wa'azi ba, ya ce ku ma ku shiga gonar.

Sai dai kada ku ɗauka na soke zakka. Ni a fahimtata, duk abin da ya shigo hannunka, ko dubu ɗaya ce wani ya ba ka, ɗari ta Ubangiji ce. Ba don ka sayi aiki ba, don zuciya kada ta manta mai bayarwa. Haka aka koya mana, haka na koya wa 'ya'yana.

Rifkatu: Baba, da girmamawa, nan kam na rabu da ku. Mutum ya samu dubu ɗaya, yaro na kwance da zazzaɓi, maganin dubu ɗaya ne cif. Ya cire ɗari ya kai majami'a ya koma ya ce wa mai kemis a rage masa ƙwaya biyu? A asibiti nake aiki, na san abin da rabin magani ke yi wa yaro. 2 Korantiyawa 8:12 ta ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi. 1 Timoti 5:8 kuma ta ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bangaskiya muni.

Dattijo Dauda: 'Yata, in an kai ga maganin yaro, sayi magani, ba ni da ja. Amma na zauna a kujerar dattawa shekaru da yawa, na ga yadda "ba ni da shi" ke zama ɗabi'a. Mutum ya samu aiki daga baya, hannun ya riga ya saba da rufewa. Gwauruwar da Yesu ya yaba a Markus 12 anini biyu gare ta, ta zuba duka.

Rifkatu: Aya ɗaya kafin labarin nan, Baba, Yesu yana tsine wa malaman da ke cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. Ku kuka ce a karanta aya da maƙwabtanta.

Dattijo Dauda: Kin kama ni da igiyata. Amma dai ya yaba mata, wannan ba ya goguwa.

Danladi: Ni fa in za a bi tawa, duk wannan azumi da kwanan majami'a a rage. Nijeriya ba addu'a ce ta yi mata kaɗan ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwana biyu, kafin 2024 ta ƙare ta wuce dubu. Wace addu'a ce ta sauko da ita? Ni digiri gare ni, keke nake ja daga Sabon Tasha zuwa Kasuwa. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Awa shida da aka kwana ana ihu ranar Juma'a, da barci mutum ya yi ya tashi da ƙarfinsa ya fita nema.

Laraba: A'a Danladi, ka tsallake rami ka faɗa rijiya. Don wani ya mai da addu'a kasuwa ba zai sa mu zubar da ita ba. Ina karanta ku tun ɗazu ban so in yi magana ba, amma bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa a nan ba.

Lokacin da maigidana ya yi shekara ɗaya da rabi a gida, ba yunwa ce ta fi ba ni tsoro ba. Mutumin ne ya fara canzawa. Ya daina aski, ya daina zama da yara. In na dawo daga makaranta da ɗan albashina na ajiye kuɗin cefane a kan tebur, sai ya ga kamar zagi ne. Wata rana na tsinci ledar giya ta sachet a aljihun wandonsa, mutumin da ko a bikinmu bai sha ba. Abin da ya riƙe gidan nan shi ne ƙarfe biyar na asuba. Na roƙe shi, ko ba zai ce komai ba, ya durƙusa kusa da ni minti goma. Makonni yana durƙusawa shiru kamar dutse. Wata asuba sai na ji ya buɗe baki ya ce, "Ubangiji, na gaji." Iyakar addu'ar ke nan, sai kuka. Daga ranar ya fara dawowa mutum. Aiki bai zo ba sai bayan wata bakwai, kuma bai kai na da ba. Amma da ba don asubar nan ba, da aikin ya zo ya tarar ba kowa a gidan.

Don haka in ka ce addu'a ba ta sauko da farashin fetur ba, na yarda. Ni dai ta riƙe mini miji.

Danladi: Anti Laraba, na janye rabi.

Laraba: Janye duka.

Danladi: Rabi dai. Kwanan majami'a da lasifika har asuba, maƙwabta ba barci, wannan rabin yana nan.

Bitrus: Anti, kamar a gidana kike. Abin da ban faɗa ba shi ne tun watan jiya na kasa yin addu'a. In na durƙusa sai lissafi ya cika mini kai: haya saura wata biyu, kuɗin makarantar Grace, bashin mai shago dubu goma sha takwas. Shi ya sa maganar mutumin nan ta shige ni, don na ce watakila ni yake nufi.

Laraba: Ka durƙusa da lissafin naka. Karanta masa shi kamar yadda ka rubuta mana yanzu. Zabura da yawa ai ƙorafi ne.

Fasto Ishaya: Salama. Ina ziyarar asibiti ne, yanzu na zauna na karanta duka daga sama. Bitrus, kafin komai ina neman gafararka, kai da duk wanda ya zauna a benci ranar Juma'a yana jin kamar Allah ya juya masa baya. Ni na gayyato baƙon nan bisa shaidar wani abokin aiki. Ban san zai yi kiran iri ba. Da ya fara, ina zaune a bayansa, na yi ta tunanin in tashi in karɓi makirfo, sai na ji nauyin kunyata baƙo a gaban jama'a. Na zaɓi kunyar mutum ɗaya a kan ta mutum da yawa, ban kyauta ba.

Koyarwar ikkilisiyar nan ba ta ce rashin aiki hukunci ne ba. Da almajirai suka tambayi Yesu game da wanda aka haifa makaho, wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa, ya ce ba ko ɗaya. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna da shi ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suka fara nemo masa laifi, a nan suka ɓata, har Ubangiji ya ce ya husata da su a sura 42.

Amma Istifanus, ba na so ka ji an taru a kanka. Allah ya ba ka aiki, ka yi godiya. Abin da nake roƙonka kawai, kada ka mai da hanyar da ya bi da kai ta zama farashin da kowa zai biya.

Danladi: Baba Fasto, tunda kun fito fili, kuɗin fa? Suna ina?

Fasto Ishaya: An ba baƙon kuɗin mota da abin godiya kamar yadda aka saba. Sauran suna hannun ma'aji, ba a taɓa ba.

Rifkatu: To a mayar wa masu shi.

Istifanus: Abin da aka ɗora a bagade ba ya komawa. Kuma wasu sun bayar da zuciya ɗaya, in ka mayar musu ka ce musu bangaskiyarsu wasa ce. Ni da aka mayar mini da dubu biyar ɗina a lokacin, da na ji an zage ni.

Mama Saratu: A nan yaron nan yana da gaskiya. Kada a bi mutane gida-gida da ambulan, tonon asiri ne. A zuba a asusun jinƙai, a sayi masara da wake, a raba da dare ba da rana ba.

Danladi: Asusun jinƙai da ko bera ya shiga sai ya fito da hawaye. Baba Fasto, ba rashin kunya ba, bara an sa tayil an sayi sababbin lasifika. Nawa aka sa a jinƙai?

Fasto Ishaya: Kaɗan ne, ba zan ɓoye ba. Amma ku ma ku san abin da ke ƙasa. Baiko na Lahadi bai ƙaru ba, abin da yake saya ne ya ragu. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne, kuma yawancin membobinmu masu koyarwa a makarantun kuɗi da masu tsaron shago ko shi ba sa samu. Akwai kason da muke aikawa gunduma, ga man janareta, ga mai gadi. Ni kaina albashina na wata biyu yana baya, ban taɓa faɗa a bagade ba. Tayil kuwa mutum ɗaya ne ya ba da kuɗin ya ce na tayil ne. Mun iya ce masa a'a, yunwa ta fi tayil gaggawa. Ba mu ce ba.

Dattijo Dauda: Ina cikin waɗanda ba su ce ba. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni kan rabon abincin gwauraye, manzanni ba su ce a ƙara azumi ba, sun sa an zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin. Mu muna da kwamitin gini, kwamitin girbi, kwamitin bikin cika shekara, amma ba mu da ko takarda ɗaya mai sunayen marasa aiki da abin da kowa ya iya. Yakubu 2:16 tana kanmu: mu ce wa mutum sauka lafiya, ka ji ɗumi ka ƙoshi, ba mu ba shi komai ba. Fasto, a sa wannan a taron dattawa na Asabar, da maganar kason jinƙai daga cikin zakka. Na san wa zai yi gardama, zan zo da shirina.

Fasto Ishaya: An sa. Amma ban yi alkawarin zai wuce ba, kun san taronmu.

Danladi: Kafin dattawa su gama shan shayi, Bitrus, ga magana. Ni ina ajiye keke ƙarfe biyu saboda bayana. Daga biyu zuwa takwas yana nan a fake. In za ka iya, ka karɓa.

Bitrus: Na gode ɗan'uwa. Gaskiya ban taɓa ja ba. Kuma ban san yadda zan yi ba ranar da na tsaya ɗaukar fasinja na ga wanda muka yi ofis tare.

Danladi: Za ka ce masa ɗari uku ne, ba ragi. Ni na ɗauki malamin da ya koyar da ni a jami'a, har ya ce in riƙe canji.

Mama Saratu: Ɗana, ni matar dattijo ce na zauna a bakin titi da hayaƙi a ido. Kwana uku ne kunyar, na huɗu ta tafi.

Bitrus: Bari in yi shawara da Hannatu, Mama. Ba na so ta ji a bakin wani.

Istifanus: Kun gani? Ranar Juma'a aka yi addu'a, yau Litinin ƙofa ta buɗe. Ku ce ba Allah ba ne.

Rifkatu: Allah ne mana. Bitrus dai bai fita da dubu biyar ba.

Istifanus: Wasu sun fita, albarkar ta shafe shi.

Danladi: Ku ci gaba, ni ina da fasinja. Bitrus, in Madam ta yarda ka same ni a filin makarantar firamare gobe da ƙarfe biyu, mu yi kwana uku kana koyo. Balas za mu daidaita, fetur naka ne, in ka fasa mini madubi kai za ka saya.